Garin da Babu Yara: Sauyin Yanayi da Tsirowar Irin Itatuwanmu na Gado

 

 An nemi in yi magana a kan sauyin yanayi da itatuwa. Maganar tana da faɗi, don haka na zaɓi in tsaya a kan mafi ƙanƙantar abu a cikinta, wato ƙwayar iri, da 'yan makonnin da take ɗauka kafin ta zama tsiro. A nan ne ake cin yaƙin, a nan ne kuma ake faɗuwa.

Bari in fara da tambaya. Duk wanda ke da gona a cikinku ya tuna da ɗorawar da ke cikinta, ko kukar, ko tsamiyar. Wa ya shuka ta? Akasarinku za ku ce a nan kuka tarar da ita, mahaifinku ma tarar da ita ya yi. To, a cikin gonar nan, akwai 'yar ɗorawa da ba ta wuce tsayin gwiwa ba? Akwai wadda kaurinta bai wuce na taɓarya ba? Na ga wasu suna girgiza kai. Ni ma da na koma gonar kakana a wata kaka, ɗorawu uku da na sani tun ina yaro suna nan, ɗaya ta fara bushewa daga sama. Na zaga gonar kusurwa-kusurwa ina duban ƙasa, ban ga ɗiyarsu ko ɗaya ba. Shekara da shekaru suna zubar da 'ya'ya, amma babu magaji.

In ka shiga gari ka tarar da dattawa zaune a ƙofar gida, ka ce garin nan da mutane. Amma in ka kwana ka wuni ba ka ji kukan jariri ba, ba ka ga yaro ɗauke da allo ba, ka san garin ya ƙare, lokaci kawai ake jira. Halin da itatuwanmu na gado da yawa ke ciki ke nan. Inuwar da muke sha yau ta tsofaffi ce.

Yadda iri ke tsira

Ƙwayar iri abu ne mai rai da ke barci. A cikinta akwai ɗan tsiro, ga guzurinsa, ga ɓawo da ke kare shi. Abu uku take jira: ruwa, iska, da ɗumin da ya dace da ita. In ruwa ya shiga sai ta kumbura, abincin da ke cikinta ya narke, saiwa ta fasa ɓawo ta nufi ƙasa.

Ku riƙe wannan, don duk laccar a kansa take. Kafin saiwa ta fito, irin yawancin itatuwanmu zai iya zama a bushe wata da watanni, wani ma shekaru, bai mutu ba. Amma daga ranar da saiwa ta leƙo, babu komawa. In ƙasa ta bushe a kwanakin nan, ya mutu. Manomi ya san wannan a gero. Yakan yi binne, ruwan farko ya sauka, gero ya tsira, sai ruwa ya ɗauke mako biyu ko uku, shuka ta ƙone. Sai ya koma rumbu ya ɗebo wani iri ya sake. Itacen daji ba shi da rumbu a gida, ba shi da mai sake masa shuka. Abin da ke cikin ƙasa shi ne jarinsa.

Saboda haka Allah ya hore wa itatuwan ƙasarmu dabaru. Gawo, bagaruwa, kirya, ɗorawa, tsamiya da kuka, duk irinsu na da ɓawo mai tauri wanda ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. Sai zafin rana da sanyin dare sun yi ta gasa shi, ko yashi ya goge shi, ko ya bi ta cikin dabba, sannan ƙofa ta buɗe. Kuma ba rana ɗaya suke buɗewa ba. Wasu bana, wasu baɗi, wasu sai bayan shekaru. Uwar ba ta zuba jarinta duka a kasuwa ɗaya. In daminar bana ta yi gardama, akwai saura a ƙasa da ke jiran ta gaba.

Na taɓa gwada wa ɗalibai wannan a gandun renon itatuwa. Muka raba irin bagaruwa kashi uku. Kashi na farko muka shuka yadda yake. Na biyu muka tafasa ruwa, muka sauke, muka zuba irin a ciki ya kwana. Na uku muka bi kowace ƙwaya da abin yankan farce muka ɗan ɓantare gefen ɓawon. Cikin 'yan kwanaki na ukun ya fito kusan gaba ɗaya, na biyun ya biyo baya, na farkon kuwa sai ɗaya yau, ɗaya bayan mako, sauran shiru. Wani ɗalibi ya ce, "Malam, wannan irin ya lalace." Na ce ya tono ɗaya. Ya tono, ga ta nan ƙalau, tauri kamar tsakuwa. Na ce masa ba lalacewa ta yi ba, ba ta yarda da mu ba ne tukuna.

Makiyayan da ke nan sun riga mu sanin wannan. Akuya da tunkiya da saniya suna cin 'ya'yan gawo da rani. Irin da ya tsira daga haƙori yakan fita a cikin kashi, ɓawonsa ya yi laushi, ga shi kuma a kwance cikin taki. Shi ya sa gonar da Fulani suka yi zaman rani a cikinta, ko wadda aka kai wa takin turke, da damina za ka ga 'yan gawo sun fito nan da can. Tsohuwar yarjejeniyar manomi da makiyayi, ka ba ni kara in ba ka taki, har da itace a cikinta, ko da ba a ambata ba.

Kaɗanya kuwa tata hanyar daban ce. Irinta ba ya jure bushewa ko kaɗan. In 'ya'yanta suka faɗo a farkon damina, cikin 'yan makonni ƙwarar za ta tsira ko ta mutu. In ta samu danshi, sai ta tura ɗan tsiron cikin ƙasa ta ɓoye shi, daga can ya ɓullo, don ko wuta ta bi ta kansa tushen na nan. Wato kaɗanya ta ɗaura aurenta da lokacin saukar ruwa. In ruwa ya saɓa alkawari, 'ya'yan shekarar sun tafi. Kuma itace ne da kan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ya fara haihuwa.

Abin da ya sauya

Dattawan da ke zauren nan ba sa bukatar in ba su labarin farin 1973 da na 1984. Tafkin Cadi da ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 25,000 a farkon shekarun 1960, a shekarun 1980 ko kashi ɗaya cikin goma na wannan bai kai ba. Wani masani mai suna Patrick Gonzalez da abokan aikinsa sun kwatanta tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama da na tauraron ɗan Adam, suka kuma bi ƙauyuka a ƙasashen Sahel, har da Nijar da Cadi. A sakamakon da suka fitar a 2012, sun nuna cewa a wuraren da suka auna a yammacin Sahel kusan itace ɗaya cikin shida ya mutu tsakanin 1954 da 2002, kuma kusan nau'i ɗaya cikin biyar ya ɓace daga wuraren da aka san shi. Waɗanda suka fi shan wuya su ne masu 'ya'yan ci da masu katako, wato waɗanda suka fi son danshi.

Daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo, amma da wata sabuwar ɗabi'a. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Mun gani da idonmu a Jigawa a 2022, mun gani a Maiduguri a watan Satumban 2024. Ga kuma zafi: a farkon Afrilun 2024 ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Wannan zafin iska ne a inuwa. Fatar ƙasa, inda iri ke kwance, ta fi haka nesa. A filin da babu ciyawa, yashi kan haura digiri 50 da tsakar ranar bazara. Wanda ya taɓa taka shi ba takalmi ya sani.

Yaya wannan ke shafar ƙwayar iri? Ta hanya huɗu.

Ta farko, ruwan yaudara. Hadari ya haɗu a watan Mayu ya zubar da ruwa mai yawa, ƙasa ta jiƙu, iri ya ɗauka damina ta kama, ya saki saiwa. Sai sama ta yi tas. Ɗan tsiron gawo ko aduwa yana tsere ne da bushewar ƙasa: saiwarsa na bin danshi zuwa ƙasa, rana kuma na shanye danshin daga sama. In rana ta riga shi, shi ke nan. Jimillar ruwan shekara za ta iya fitowa daidai a littafin ma'aikatan hasashen yanayi, amma a wurin ɗan tsiro abin da ya dame shi shi ne tazarar da ke tsakanin ruwa da ruwa.

Ta biyu, zafi. Kowane iri yana da iyakar ɗumin da yake tsira a ciki, in aka wuce ta sai ya ƙi, ko ɗan tsiron ya ƙone a wuya, daidai inda ya taɓa yashi. Akwai kuma wata illa a ɓoye. Na ce muku zafi na cikin abubuwan da ke buɗe ɓawo mai tauri. Masu bincike a busassun yankunan Ostareliya sun nuna cewa in zafin ƙasa ya ƙaru, iri da yawa kan farka lokaci ɗaya maimakon kaɗan-kaɗan. Ku auna wannan da namu itatuwan masu irin wannan ɓawo. Uwar da ta saba raba jarinta shekara-shekara, an tilasta mata ta fito da shi duka rana ɗaya. In ranar ta dace da ruwan yaudara, babu na bana, babu na baɗi.

Ta uku, ruwa mai ƙarfi a kan ƙasa tsirara. Ɗigon ruwa mai nauyi kan daddaɓe fuskar ƙasa, in ta bushe ta zama fako. Ruwan gaba ba ya shiga, sai ya kwarara ya kwashe iri da taki ya zuba a kwazazzabo. Wanda ya rage, ko ya tsira ba zai iya fasa ɓawon ƙasar ba. A jigawa kuma iska ce ke binne iri da yashi fiye da zurfin da guzurinsa zai iya kai shi sama, ko ta tone shi ta bar shi a rana.

Ta huɗu, ita kanta uwar. Itacen da ya sha fari furensa kan zube, 'ya'yan da suka kama su fito ƙanana, guzurin da ke cikin irin ya yi kaɗan. Kuka da ɗorawa jemagu ne manyan masu haɗa musu fure da dare, kaɗanya kuma ƙudan zuma. In aka sare itatuwan da jemage ke kwana, aka ƙone amya da wuta, aka yi ta feshin magani ba lissafi, to fure zai yi yawa, 'ya'ya su yi kaɗan. Ga kauci da ya addabi kaɗanya, ga ƙwarin da ke huda irin bagaruwa da gawo tun yana cikin kwanso.

Namu hannun

Zan yi rashin adalci in na ɗora wa sama laifin duka. Yanayi ya ƙuntata ƙofa, amma mu ne muke tura ƙyauren.

Da can manomi kan bar gona ta huta ta zama saura. A cikin saurar nan, ƙarƙashin ciyawa da sabara, kaɗanya da ɗorawa ke samun shekarun da za su yi ƙarfi. Yau jama'a ta yi yawa, gona ta zama gado ana rabawa, babu mai barin taƙi ɗaya ya huta. Garmar shanu da tarakta ba sa bambance ɗan itace da ciyawa. Wanda ya tsallake garma, da rani awaki na jiransa. Wanda ya tsallake awaki, wutar masu farautar gafiya na tafe.

Sai kuma cikinmu. Hausawa na cewa ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa. Yau har ɗan ma ba a bari. Kalwa kuɗi ce, ana kwashe ɗorawa tun ba ta gama nuna ba don daddawa. Iyayenmu mata kan fita tsintar kaɗe tun da asuba, ba a barin ko ɗaya a gindi. Kukar da ake aske wa ganye kowace shekara saboda miya, da wuya ta yi fure. Goruba ana yanke kabarta tun tana ƙasa don tabarma da igiya, ba ta samun tashi ta haihu. Giginya kuwa, mun ƙware wajen tsirar da ita, muna binne ƙwallonta da kyau, amma da ta tsira sai mu tone mu dafa muruci. Ban ce a daina daddawa ko man kaɗe ba, da su aka rene mu, da su mata da yawa ke ciyar da gida. Abin da nake cewa, manomin kirki ba ya cinye irin shukarsa komai yunwa. A gero mun kiyaye wannan doka, a itace mun manta da ita.

A fadamun Haɗejiya da Nguru kuma, tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar shekara-shekara da itatuwan fadama irin su bagaruwa suka saba da ita ta sauya lokaci da yawa. Wannan ma aikin hannunmu ne.

Darasin Maraɗi da Damagaram

Kada ku ce malamin nan da baƙin labari kawai ya zo. A ƙarni na 19 sarakunan Damagaram sun kafa doka mai tsanani a kan saran gawo, domin sun san geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na fili: yana zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya yi ganye da rani ya ba dabba inuwa da abinci. Bayan fari ya yi ɓarna, a 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo da ke aiki a jihar Maraɗi ya lura cewa 'yan kututturan da manoma ke sassabewa kowace shekara itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. In aka zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi aka bari, aka rage sauran, cikin 'yan shekaru sai itace ya tashi. Manoma suka karɓa, suka sa masa suna sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya kudancin Nijar ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5, da itatuwa kimanin miliyan 200. A Burkina Faso kuma marigayi Yakuba Sawadogo ya raya fako da ramukan da ake zuba wa taki, irin waɗanda mutanen Tawa ke kira tassa. Shi da Rinaudo an karrama su da babbar lambar yabo ta duniya a 2018.

Sassabin zamani abin koyi ne, ina kira ga kowa ya yi shi. Amma yana da iyaka. Kututture ba ya tayar da abin da babu shi. Inda sabara da kalgo da gawo suka bar saiwa, za su dawo. Inda ɗorawa ko kanya ko ɗinya ta mutu har saiwa, sai dai iri. Sannan tohon kututture tsohon itacen ne ya sake riga, halinsa bai canza ba. Iri kuwa sabon haihuwa ne, kowace ƙwaya da nata halin, a cikinsu ne ake samun wadda ta fi 'yan'uwanta jure zafi da ƙishirwa. In yanayi na sauyawa, itacen da ba ya haihuwa ba shi da hanyar bin sa.

Haka kuma batun dashe. Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015 don jihohi 11 na Arewa. Niyya ce mai kyau. Sai dai a bukukuwan dashen itace da na halarta a rayuwata, abin da na fi gani shi ne darbejiya da turare, baƙi daga Indiya da Ostareliya. Darbejiya ta yi mana rana, babu mai musun inuwarta. Amma ba a kaɗa miya da ita, ba a daddawa da ita. Dalilin da ya sa masu reno suka fi son baƙin nan a fili yake: suna tsira da wuri, suna girma da wuri, a ɗauki hoto a rubuta rahoto. Namu na gado suna bukatar a san sirrin irinsu, a kuma yi haƙuri.

Akwai rumbunan ajiyar iri na duniya. Wanda ke Ingila, ƙarƙashin lambun Kew, da ya cika ƙwaya biliyan ɗaya a 2007, ƙwayar da ta cike lissafin irin gora ce daga Mali. Burkina Faso ta kafa cibiyar irin itatuwa ta ƙasa tun 1983. Irin waɗannan rumbuna busar da iri suke yi su sanya a sanyi, hakan na yi wa gawo da kuka da bagaruwa daidai. Kaɗanya kuwa, in ka busar da ita ka kashe ta. Ba ta da rumbu sai gona.

Abin yi

Ga manoma. A ɗebi iri daga itatuwa masu lafiya da yawa, ba daga uwa ɗaya ba, kuma a bari ya nuna sosai. Mai tauri kamar gawo, kuka, bagaruwa da kirya, a ɓantare gefensa ko a jiƙa shi cikin ruwan zafi da aka sauke daga wuta ya kwana. Magarya da kurna a fasa ƙwallon a hankali. Aduwa a cire naman a jiƙa. Kaɗanya a shuka ta cikin kwanakin da ta faɗo, maɗaci ma kada a ajiye shi ya daɗe. Ku kula: irin da ka buɗe wa ɓawo ka cire masa garkuwa, don haka kada a shuka shi da ruwan farko, a jira damina ta zauna. A shuka cikin tassa ko ramin rabin wata, inda ruwa ke taruwa, a rufe da ɗan kara ko ciyawa don rage zafin ƙasa. Gindin sabara ko kalgo ma wuri ne mai kyau, inuwarsu da danshinsu kan yi wa ɗan itace reno. A kafa masa alama saboda mai garma, a kewaye shi da ƙaya saboda akuya, har ya ga rani uku.

Ga iyayenmu mata masu kalwa da kaɗe: cikin kowane kwando a ware ƙwaya goma mafiya kyau a mayar wa ƙasa. Ku ne kuka fi kowa sanin itacen da 'ya'yansa suka fi zaƙi da wanda ya fi mai.

Ga iyayenmu sarakuna: abin da ya sa sassabin zamani ya yi nasara, har da cewa manomi ya samu tabbacin itacen da ya rena nasa ne. Mutum ba ya wahala a kan abin da gobe za a ce ba shi da iko da shi, ko wani ya zo da dare ya sare. A tsayar da doka a kan wutar daji da saran ɗanyen itace, a kuma gyara tsakanin manomi da makiyayi, don dabbar da ke cin ɗan gawo ita ce kuma ke shuka shi.

Ga hukuma: a daina auna nasara da yawan abin da aka dasa ranar biki. A dawo bayan rani biyu a ƙirga masu rai. A sa itatuwan gado cikin kowane gandun reno.

Ga ɗalibai da malaman jami'a: ga aiki a ƙofar gida. A auna zafin da irin kowane itacenmu ke iya ɗauka. A kwatanta irin aduwa ko gawo da aka ɗebo daga wajen Tanut da na wajen Zariya, a ga wanda ya fi jure ƙishirwa, domin wataƙila yanayin da jikokinmu za su tarar a Kano ya fi kama da na arewa da ita a yau. Ku zauna da tsofaffi ku rubuta sunayen itatuwan da suka sani a da waɗanda babu su yanzu, tun masu sanin suna raye.

Kammalawa

Jama'a, ku dubi sunayen garuruwa da unguwanninmu: Kukawa, Magarya, Rimin Gado, Kurna, Giginya. Itatuwa ne suka raɗa musu suna. A wurare da dama sunan ya rage, itacen babu. Ba ma iya hana hadari yaudara, ba ma iya rage zafin bazara da hannunmu a wannan zaure. Amma makonnin nan na farko da ɗan tsiro ke tsakanin rai da mutuwa, rami ɗaya, taki cikin tafi, da 'yar ƙaya na iya raba gardama, kuma duk suna cikin ikonmu.

Roƙona ɗaya ne. Daminar bana, kowa ya koma gindin tsohon itacen da ya gada, ya ɗebi irinsa, ya tayar masa da magaji ko da guda biyar ne, ya kuma nuna wa ɗansa inda suke. Wanda ya bar mana ɗorawar da muke ci bai san sunanmu ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu ga girman abin da muka shuka.